Layi Goma Sha Huɗu

A lise, ajin da ke gindin dogon yaro,
Mushe Labo ya sa muka haddace ta,
waƙar wani mutum da ya mutu
tun ba a haifi kakar kakata ba.
Layi goma sha huɗu, ba ragi ba ƙari,
duka a kan mace guda:
wuyanta ƙanƙara, kumatunta fure, gashinta zinariya.
Na ci sha bakwai bisa ashirin.
Da aka tashi na duba bayan hannuna a rana,
ban ga ƙofar da zan shiga waƙar ba.

Ba farin ne ma ya dame ni ba.
Layi goma sha huɗu ana zancenta,
ita ko tari ba ta yi ba.

Yau ga ni da furfura a gefen kallabi,
cikin zauren gidan matasa, bayan la'asar.
Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya cak.
Cima na riƙe da bututun famfo
wanda mai walda na Bagalam ya kafa mana a bango,
jika uku, bayan dogon ciniki.
Takalman rawarta daga dilar gwanjo suka fito,
launin fatar wata
wadda ba ta taɓa taka yashin Gulbi ba.
Kwana biyu suka yi cikin shayi mai kauri
kafin su yarda su yi kalar ƙafarta.
Uwarta ta ce an dai ɓata ganye.

Na karanto layin fari da Faransanci
yadda aka zuba mini shi.
Cima ta hau kan yatsu,
zalɓe a bakin Gulbi in ruwa ya ja baya,
ƙafa ɗaya, ido na kan abin da yake so.

Ya ce wuyanta ƙanƙara.
Na ce ƙanƙara a garin nan dala biyar ce cikin leda,
kafin ka kai gida ta koma ruwa.
Wannan wuyan ya ɗauki tiren ƙuli-ƙuli
daga Mokoyo har tasha
shekara shida, bai karkace ba.

Ya ce fure ce, ta yi hanzari kafin ta bushe.
Malam, ka san zoɓo?
Sai ya bushe ake aunarsa da tiya,
sai ya bushe yake rina ruwa.

Ya ce albarkacin waƙarsa za a tuna da ita.
Na bi layukan da yatsa, sama da ƙasa.
To, wa sunanta?

Mushe Labo ya taɓa ce mana
a layi na tara waƙar ke juyawa.
Nan Cima ta juya,
ɗaya, biyu, kitsonta na sharar iska,
a na uku siminti ya ci amanarta.
Tim.
Na zabura, kayena ya faɗi.
Ta zauna tana dariya, tana kwance igiya,
babban yatsa ya fashe,
jini ya ƙara wa shayi kala.
Ta yagi gefen ɗankwali ta ɗaure.
"Tanti, sake daga na tara."

Na sake.
Wannan karon da Hausa,
ba wanda ya ba ni maki.

Baba mai gadi ya fara kaɗa makullai,
masallacin unguwa ya kira magariba.
Layi goma sha uku muka samu,
ni da baki, ita da ƙafa.
Na sha huɗun na bar shi fili a takarda,
ko matar can
za ta so ta ce wani abu.

Cima ta rataya takalman a wuya,
ta fita tana ɗingishi,
ta tsai da kabu-kabu da hannu ɗaya
a sama, a lanƙwashe, kamar ba a tashi ba.