Takalmin Gidaɗo

Rumfata tana bayan ragar gabas,
a filin firamare, nan Kumo,
inda ƙwallo kan faɗo cikin kwanon ƙusoshina
in ɗan wasa ya cika zari.
Shekara goma sha ɗaya ina ɗinke musu takalma,
ko fanareti ban taɓa bugawa ba.

Gidaɗo ya zo mini yana ɗan sha biyu
da takalmin yayansa, na hagu ya wage baki.
Na cusa tsumma a gaba don ya kama ƙafa,
na ce kawo hamsin. Ya ce sai Juma'a.
Juma'a nawa ta wuce, Allah masani,
ni dai ban rubuta ba.

Ƙafa ba ta jiran aljihu.
Na zare tsumman, na farke dunduniya,
na ƙara fata daga tsohuwar jaka,
na yanka masa ƙusoshi da tayar babur.
Sau bakwai takalmin ya kwana a hannuna.
Gefen waje na hagu ne ke fara cinyewa,
da nan yake lanƙwasa ƙwallo
ta zagaye gola,
ta shiga ta inda bai tsare ba.

Sai wata Laraba ga baƙi biyu,
mota mai baƙin gilashi, ruwan gora a hannu.
Babu tafi, babu ihu.
Ɗaya na ɗauka da waya,
ɗaya na tambayar shekaru
yana auna ƙwaurin yaro da ido
kamar dillali a kara.
Na ga ciniki iri-iri a garin nan,
wanda haja ke murmushi ne ban taɓa gani ba.

A ofishin ciyaman aka sallama,
ɗaki ɗaya, bayan shagon siminti.
Koci Bappayo ya fito yana sharce gumi,
ya zauna a bencina ba tare da ɗinki ba.
Ya ce, "Barde, ga bashin motar zuwa Bajoga,
ga rajista, ga alawus na wata huɗu.
In ba a sayar da ɗaya ba, ashirin za su watse."
Na ce, "Gaskiya ne.
Amma ko manomin wake yakan ware iri."
Ya dubi ƙasa, bai tanka ba.

An ce akwai kaso in sun sayar da shi gaba,
goma cikin ɗari, a takarda, da Turanci.
Uwarsa, Adda Hajjo mai awara,
ta dangwala yatsa inda aka nuna mata.
Ta tambaya ko can suna samun tuwon dare,
ko akwai mai tashinsa da asuba.
Nawa aka biya ne ba ta tambaya ba.

Ran tafiya ya biyo ta rumfata
da sabon takalmi ruwan ɗorawa a kwali,
irin wanda in ya yage sai dai a yar.
Ya ajiye tsohon a gabana,
ya ƙirgo dubu biyu, wai kuɗin Juma'a.
Na karɓi takalmin,
kuɗin ban karɓa ba.

Yanzu muna da raga sabuwa, fara tas,
da riguna masu lamba a baya.
'Yan kallo na cewa gefen hagu ya mutu.
Wani ya ce ya hango shi a benci a talabijin,
wani ya ce an ba da shi aro
kamar turmin maƙwabta.
Wasa uku ke nan a gida,
ragar baƙi ba ta motsa ba.

Jiya wani ɗan firit, Manu, ya tsaya,
ƙafa duk faso,
ya ƙura wa takalmin ido inda na rataye.
Na sauko da shi, na laluba tsumma.
Can na hango Koci yana bin yaron da kallo,
kallon da na gane.
Na ce kawo hamsin.
Ya ce sai Juma'a.
Basilla na hannuna tun la'asar,
har aka kira magariba ban zura zare ba.