Baƙo a Gwangwanin Maɓallai

Cikin gwangwanin da nake tara maɓallai,
a shagona na ɗinki, bayan Ƙofar Marusa,
akwai wani ɗan dutse, bai kai ƙwayar gurjiya ba,
fari-fari, a murɗe kamar zare a jikin mazari.
Ban taɓa ce masa komai ba sai katantanwa.

Kawu Mamuda ya zo da shi daga ƙasar Sakkwato,
shekarar da yake jan tifa, yana kwasar farar ƙasa.
A takalminsa ya tsince shi.
Ya ce yini guda yana sukarsa a dunduniya,
ya cilla mini shi, ya nufi randa yana kukan ƙishirwa.

Shekara sha tara yana kwance da maɓallai.
Sau biyu, an ɗauke wuta, na lalubo shi cikin duhu,
allura ta nemi ƙofa a jikinsa, ta rasa wurin wucewa.

Jiya Sahura, 'yata mai karatun duwatsu,
ta ɗora shi a tafin hannu, ta daɗe ba ta ce uffan ba.
Ta ce, "Baba, wannan ɗan teku ne."
Na ce, "Teku a Sakkwato? Ke dai da zolaya."
Ta ce ruwan ya janye tun ɗan Adam bai taka ƙasa ba,
ya bar su cikin laka, laka ta zama dutse.
Irinsa sun ƙare ƙarƙaf,
ba jika, ba tattaɓa-kunne,
ba wanda ya zauna karɓar gaisuwa.

Na kai shi kunne, ko zan ji igiyar ruwa.
Sai ƙarar injin markaɗen Talatu,
da mai kiran yalo yana shigewa.

Kawu ya rasu bai ga teku ba.
Kullum cewa yake, in ya huta, sai Ikko.
Ashe ya taka shi yini guda,
yana tsaki, yana ɗingishi, ba da saninsa ba.
Da yana nan, da mun sha dariya har da faɗuwa.

Sahura ta so ta kai shi makaranta, a rubuta masa suna.
Na ce a bar shi tukuna.
Ya saba da maɓallan rigunan da suka riga suka yage,
su ma iyayen gidansu sun tafi.
Na rufe gwangwani, na taka keke.
Mai wando yana tsaye a ƙofa, rana tana faɗuwa.