Garun da Baba Bai Rufe Ba

Ruwan Yuli yana dukan rufin kwano a Valparaíso,
ni kuma ga ni gaban allo, katin banki a hannu,
shafin masu wasan ya baje mini haja kamar ɗan koli.

Ga tsohon bugu, ɗan shekara ashirin da ɗoriya.
Ga sabo, an wanke masa fuska,
har inuwar itace tana motsi a kan kogi.
Ga ƙari mai daulolin teku,
wani mai annoba da boren manoma,
wani ban ma gane abin da ya ƙara ba, sai kuɗi.
Can ƙasa ƙunshin duka,
peso dubu goma sha takwas, rangwame zuwa Lahadi.
Ruwan ido ya kama ni.

Amaro ya kira daga Antofagasta,
muryarsa ta dushe da aikin dare a mahaƙar tagulla:
"Ximena, ɗauki ƙunshin mana, me kike jira?
Sai bugunmu ya zo ɗaya
za mu haɗu a fage guda.
Naki tsoho, nawa sabo, ko gaisawa ba sa yi."

Gaskiyarsa.
Amma bai karanta ƙananan rubutun ba, ni na karanta:
sabon bugu ba ya buɗe wasan da aka ajiye a tsoho.

Faifan Baba yana aljihun tebur, tare da rasitan wuta,
duk ya karce kamar gindin tukunya.
Kwamfutarsa sai ta yi nishi kafin ta farka.
A cikinta akwai wasa ɗaya da ya ajiye,
ya sa masa suna Talata.

Eleuterio, shekara talatin yana ɗaga kwantena a tashar jiragen ruwa,
in ya hau tudu ya dawo gida, ya sha shayi,
sai ya zama sarki mai jan ƙafa.
Bai taɓa fara kai hari ba.
Gona, rumbu, gona, kasuwa,
mu kuma muna bayansa muna ihu: Baba, sun iso!
Ya ce, bari in gama garun tukuna.

Na faɗa wa Amaro.
Shiru, sai ƙarar wata babbar mota a wajensa.
Can ya ce, "Juya wayar in gani."

Na buɗe Talata.
Ga birnin, ƙanƙane, launinsa ya koɗe.
Manoma arba'in sun ƙame da lauje a sama,
mai ɗaukar dutse ya tsaya ƙafa ɗaya a iska
tun watan da aka kwantar da Baba a asibiti.
Garun ya zagaye gari, saura taku uku ya haɗe.

Amaro ya ce, "Matsa arewa. Bayan dajin. Mene ne wancan?"

Maharba ne, sahu-sahu, ba su ƙirguwa.
Masu mashi, injinan fasa ganuwa,
rundunar da za ta share taswirar kafin shayi ya huce.
Ya tara su, ya ɓoye, bai ce su motsa ba.
Ashe ba kasawa ya yi ba.
Ba ya son a tashi ne.

Ƙanena ya yi dariya, irin wadda ake share hanci bayanta.
"Kar ki taɓa komai," in ji shi.
Hannuna yana kan linzami. Ban taɓa ba.

Yau Juma'a.
Rangwamen yana nan, agogonsa yana cin kansa.
Wataƙila in sayi sabon, da ƙarin teku kaɗai,
don Amaro yana son jirage,
annobar kuwa su riƙe abarsu.
Tsohuwar kwamfutar sai in sauke ta ƙarƙashin tebur,
inda gwiwata za ta riƙa jin ɗuminta,
da mutumin nan mai dutse a ka,
taku uku tsakaninsa da garu.