Abin da Gola Ya Gani a Apapa

Litinin zuwa Asabar ni ɗan dako ne,
buhun shinkafa ya san wuyana.
Ran Lahadi kuwa, in an sallame la'asar,
a filin bayan garejin tireloli,
ni ne Lawandi gola,
safar hannu ɗaya tawa, ɗaya ta aro.

Ragarmu gora biyu ce da igiya.
Amma duk jirgin da ya kwana a tasha
sai ya zubo mana ma'aikatansa,
kowa da irin ƙafar da garinsu ya ba shi.
Ban taɓa yin fasfo ba.
Duniya ce ta tako ta same ni
tsakanin gora da gora.

'Yan Birazil da damina suka zo.
Ɗayansu siriri kamar sillen kara
ya yanke Rasaki, ya tsaya ya jira shi,
ya sake yanke shi don kada ya manta.
Tamaula a ƙafarsa zance ake yi da ita,
ba gaggawa, ba ɗaga murya.
Da ya ci ni dariya ya yi,
ni ma na yi, kunya sai daga baya.

Jamusawa ba su yi dariya ba.
Da taku suka auna filin kafin a busa,
kowa ya tsaya inda aka ajiye shi
kamar kwantena mai lamba da takarda.
Bugu uku, na huɗu a bayana.

Italiyawa ɗaya tak suka ci,
suka ja ƙofa, suka danna kwaɗo,
suka wurga makullin a teku.
Minti saba'in ina tsaye ina korar sauro,
har na ƙirga tirela talatin da biyu
da wata mai faci a taya.

Na Ingila sama suke aikawa,
sai ka ce da shirwa suka ƙulla ciniki.
Ran nan wuyana ya fi na ranar dako ciwo.

Kamaru kuwa, kada a tambaye ni,
a tambayi haƙarƙarina na hagu,
shi ya gaisa da kafaɗarsu.

Kwabina mai gyaran takalmi ba jirgi ya kawo shi ba,
shekararsa tara a bakin gada.
A ƙasa yake miƙa ta, gajere gajere,
kamar yana ɗinke bakin takalmi.
Ya ce a Gana lallaɓa ta ake yi,
ku kuwa kamar ta ci muku bashi.

To, mu fa?
Rasaki direban danfo ne, haka yake buga gefe:
ba sigina, ba birki,
inda bera zai wuce ya ishe shi.
Obiyora ba ya ba kowa sai ya ga riba.
Tanimu mai albasa tun daga tsakiya yake sakin ta,
in ta shiga ya ce ya auna,
in ta faɗa kwata ya ce iska.
Mu goma sha ɗaya, koci goma sha ɗaya.
Ba ma farkawa sai an zura mana biyu,
daga nan kuma Allah ya jiƙan mai tare mu.

Wani Bajamushe mai furfura a gira,
da muka rama uku a minti goma,
ya riƙe hannuna, da Turancinsa da nawa,
wai wane tsari ne wannan?
Na juya shi ya dubi titin Ijora:
mota ta ciji mota, babur na bi ta hammata,
hon na zagin hon,
kuma kowa zai kwana a gida.

Ya daɗe yana kallo. Bai rubuta komai ba.

An kira magariba a masallacin direbobi.
Na kwance igiya, na saɓa gora,
na mayar wa mai safa safarsa.
Gobe da asuba zan sauke kayan jirginsu
da hannun nan da ya sha biyu, ya ture bakwai.