Tarin Tsohuwa

Da Baba ya rasu, gona ta faɗa hannun Hashimu,
tumaki suka bi ƴan mata,
ni kuwa aka miƙo mini makulli ɗaure da tsinken fata.
Farar a-kori-kura, mai shan gazuwal,
ta girme ni da damina uku.

Kuɗin Abijan na yi mini ƙaiƙayi a aljihu.
Shekara shida ina tura amalanken wani,
na rantse ba zan shigo Tawa
yadda na fita ba.

Na kai ta wajen Nomau mai walda, bayan tasha.
Ya zagaye ta sau biyu, ya shuri taya,
ya ce, tsohuwar nan me ta yi maka?
Na ce so nake ta yi tsawo.

Muka ƙara mata ganyen sifirin,
ta miƙe kamar taguwa ta hango rijiya.
Tayoyi daga Ƙwanni, masu haƙora,
jikka saba'in kowace, ban ko taya ba.
Ƙarfe a goshi saboda shanun dare na hanyar Abalak.
Fitila huɗu bisa rufi,
in na kunna, zakarun unguwa su ɗauka asuba ce.
Bututun shaƙar iska ya haura gefen gilashi
don ranar da ƙoramar Keita za ta ce babu wucewa.
Tanki na biyu. Oda mai murya uku.
A gindinta Baba ya sa an rubuta
Sannu ba ta hana zuwa.
Tsahiru mai fenti ya shafe da shuɗi,
ya zana mini zaki, ko da yake ya fi kama da kyanwa.

Saura salansa.
Tsohuwar duk faci ce,
gwangwanin tumatir, waya, da wani abu da ban gane ba.
Nomau ya yanke ta da wuta, ya wurga kan tarin ƙarafa.
Sabuwar tana ƙyalli har na ga haƙorana a ciki.

Bayan la'asar na nufi Bilbis a giya ta biyu
don kowa ya ƙoshi da kallo.
Yara na gudu a baya, mai shayi ya ɗaga ludayi.
Na tsaya ƙofar gida, na taka mai sau ɗaya.

Inna na bisa tabarma, inda take kullum
tun da yana ta rufe mata ido.
Ba ta ɗaga kai ba.
Ta ce, Rakiya, dubo mana,
wane baƙo ne ya tare ƙofa?

Shekara talatin, ashe,
tun daga kwanar injin niƙa take jin ta:
tari biyu, sai kakari, sai wani ɗan kaɗawa
kamar cokali cikin kofin silba.
Nan take ɗora ruwan zafi.
Ko bayan arba'in, in Hashimu ya tada ta don batir,
Rakiya ta ce sai Inna ta gyara ɗankwali.

Ban yi barci ba.
Da sassafe ina wajen Nomau.
Ya ce ai jiya yaran masu kilo suka kwashe tarin,
yanzu tana hanyar zama tukunya
ko ƙafar gadon wani.

Ya daɗe yana kallona.
Sai ya ɗauko ƙusa da guduma,
ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashi.
Ƙwas. Tada ta.
Na tada.
Haka?
A'a, ta fi wannan shaƙewa.
Ƙwas. Yanzu fa?

Yau kwana uku ke nan muna huda sabon ƙarfe.
Ya ɗaura gwangwani, ya kwance, ya sake ɗaurawa.
Bai ce in biya ba, ban ce na gaji ba.
Kowace yamma nakan bi ta kwanar injin niƙa
fitilu a kashe, a hankali,
ina leƙen ko hayaƙi zai tashi
daga murhun tsakar gida.