Jajibirin Bita a Auyo

Kujera arba'in da biyu na ƙirga,
uku suna ɗingishi, ɗaya ba ta da baya.
Na tura Sagiru firamare neman aro,
ya dawo da benci biyu a amalanke
da saƙon hedimasta: Litinin a maido, ban da mantuwa.

Gobe masu bincike za su sauka Auyo,
daga Dutse, daga Kano, wasu har daga Gashuwa.
Kwana uku za a yi ana koya musu
yadda ake ɗibar ƙasa a kwalba,
yadda ake tambayar manomi bai ɗauka haraji ba ne,
da yadda ake auna gishirin da ke cikin ruwa.

Ni ne mai makullin zaure.
Babu sunana a takardar gayyata,
amma in majigi ya ƙi kamawa
Tasi'u za a kira kafin a kira kowa.

Janareta ya yi tari sau biyu da la'asar,
ya yi gum kamar wanda aka ɓata wa rai.
Na wanke fulogi, na hura, na yi bisimilla,
a ja na bakwai ya amsa.
Tsoho ne, amma da tsohuwar zuma ake magani.
Jarka uku na ɓoye bayan buhunan iri,
don wutar gwamnati baƙuwa ce mai wucewa.

Ladidi ta zo da lissafinta a ka:
shinkafar Haɗeja kwano goma sha biyu,
manja, albasa, tarwaɗa daga hannun Ilu.
Ta ce, "'Yan bokon nan suna cin yaji?"
Na ce ta rage. Ta ce hannunta bai iya ba,
wanda ya zo kogi ya yarda da jiƙewa.

Wasiƙarsu ta ce a tanadi intanet mai ƙarfi.
Na yi dariya ni kaɗai.
Sabis a nan sai gindin tsamiyar bayan sito,
can na share, na shimfiɗa tabarma biyu.
Farfesa Gwadabe ma sai ya ɗaga waya sama
yana zagaye itace kamar mai kiwon kurciya,
kafin saƙonsa ya samu tafiya da dawowa.

Bayan isha'i na zauna da kati da alƙalami
ina rubuta sunaye da manyan baƙi,
Dakta Rakiya Ɗanzomo, Injiniya Sabo Kafin Hausa,
sauro na yi mini karatu a kunne.
Sai ga Ilu da kifi a kwarya,
ya tsaya gaban hoton kacalla da na manna a bango,
ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Wannan ciyawa na san shekarar da ta zo.
Shekarar da aka haifi Tanimu ce,
ruwa ya daina sauka kan lokaci."
Ya nuna mini gorarsa ta tuƙi,
tsaga talatin da ɗaya, kowace ta damina guda,
inda ambaliya ta tsaya kafin janyewa.
Ya ajiye kifi, bai ko jira kuɗi ba,
ya ce da safe zai biyo wajen karɓowa.

Kati ɗaya ya rage mini.
Na juya shi, na sake juyawa.
Ba ni aka ba ikon gayyata ba, na sani,
kuma ban san me zan sa a gaban sunansa ba,
ba Dakta, ba Injiniya.
Na rubuta Ilu, na bar sauran fari,
na ɗauko kujerar ofishina mai katifa
na sa ta layin gaba, kusa da butar ruwa.

Na kulle zaure, na ja kwaɗo sau biyu.
Kwaɗin fadama kuwa ba su kulle nasu bakin ba.
Arba'in da uku ke nan, in ya yarda ya zauna.
Kash, na manta alli,
sai da asuba in buga ƙofar Sagiru kafin fitowa.