Tazarar Yatsa Huɗu

A Otaru, inda dusar ƙanƙara ke kai wa gwiwa,
aka ba ni fili ɗaya, aka ce in zana gida
na masu koyon tafiya
da waɗanda tafiya ta fara yi wa gardama.
Kuɗin hukuma bai isa rufi biyu ba.

Da bango na fara. Kowa da bango yake farawa.
Na ja shi a tsakiya, kakkaura,
kada kukan yaro ya tashi tsoho.
Tsohuwa Fumie ta gyara tabarau, ta leƙa takardar,
ta ce, "Shekara tara shiru na kwana a ɗakina.
Wa ya ce maka ƙari nake nema?"
Tokuji, da ya cinye ƙuruciyarsa a jirgin kamun kifi,
ya ce shi kam a bar masa bangonsa.

Sai na goge rabi.
Na sa ƙofa mai zamewa, wadda hannu mai rawa zai ja,
hannu mai danƙon shinkafa ma ya ja.
Matakala na kashe su duka,
don ƙafar shekara biyu da ta tamanin
wuri guda suke tuntuɓe.
Na sauko da taga ƙasa-ƙasa
har mai rarrafe ya ga teku.
Ɗumi kuwa na binne shi ƙarƙashin daɓe.

A jikin baranda na kafa sandar dafawa biyu,
ta sama ta manya, ta ƙasa ta yara.
Na auna, na sake aunawa,
na tafi gida ina jin kaina.

Bayan sanyi biyu na dawo.
Yara sun raina ta ƙasa,
ɗage suke yi su cafko ta sama, suna lilo.
Ta ƙasan ta yi santsi da tafin Fumie,
wadda yanzu a keke take jan kanta.

Tokuji ya rufe ƙofarsa, kamar yadda ya rantse,
sai dai bai kai ta ƙarshe ba.
Ya bar daidai idon wata Konomi, 'yar shekara uku,
mai zuwa kullum bayan barcin rana
ta tambaye shi ko kifi na jin sanyi.

Ba ni na zana wannan tazarar ba.
Na durƙusa, na sa yatsu na auna ta,
na rubuta a bayan hannuna.